Igiya ko Alƙalami: Takardun Shaida Biyu na Masu Aikin Bishiya

Bishiyar da ke tsakiyar daji in ta faɗi, ba wanda zai tambayi dalili. Wadda ke tsaye tsakanin katangar makaranta da wayar lantarki kuwa, in ta faɗi sai an je kotu, wani lokaci ma sai an je maƙabarta. Wannan ne ya sa kula da bishiyoyin cikin gari ya zama sana'a mai zaman kanta, daban da aikin gandun daji. Malamin daji da hekta yake lissafi, hankalinsa na kan katako da shekarar sara. Mai kula da bishiyar gari ɗaya bayan ɗaya yake bin su: wannan ta bakin titi, waccan ta harabar asibiti, kowace da shekarunta da ciwonta. Shi zai hau ya rage mata reshe, shi kuma za a tambaya ko a bar ta ko a sare.

Ƙasashen da suka ɗauki aikin da gaske sun yi masa takardun shaida iri-iri, amma biyu sun fi yawo a bakin masu sana'ar. Ta farko ta Birtaniya ce, jerin takardun ƙwarewa da hukumar NPTC ta City & Guilds ke bayarwa, waɗanda ma'aikata ke kira da lambobinsu na da: CS30, CS31, CS38, CS39. Ta biyu daga Amurka ta fito, shaidar ƙungiyar masu kula da bishiya ta ISA, wadda aka kafa a 1924, hedikwatarta kuma yanzu tana Atlanta. Matasa masu shiga sana'ar sukan tambayi wacce ta fi daraja. Ni a ganina kafin a kai ga daraja, sai an fara duba abin da kowacce take aunawa a jikin mutum, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba.

A Ingila yaro yakan fara ne daga ƙasa. Yana jan rassan da aka sauko da su, yana cusa su a injin niƙa, yana tare masu wucewa kada su shiga ƙarƙashin aiki. Daga nan sai ya je horon 'yan kwanaki, sannan a kawo mai jarrabawa ya tsaya a kansa. A CS30 za a ba shi zarton inji a ce ya kwance shi, ya wasa haƙoran sarƙar, ya gwada birkinta, ya yanka gungume ba tare da bakin zarton ya yi tsalle ya dawo masa fuska ba. A CS31 zai kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba, kuma sai ta kwanta inda ya ce za ta kwanta. Mai jarrabawa zai je ya duba kututturen, ya ga ko ya bar ɗan siririn itacen nan da ke riƙe bishiya yana juya ta yayin faɗuwa, ko kuwa ya yanke shi ya bar ta ta tafi inda ta ga dama. Ba a cin wannan jarrabawa da baki. Kututture ne ke ba da shaida.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne matakin da ke biye. CS38 hawa ne da igiya da ɗamara, amma rabinsa ceto ne. Sai ɗalibi ya nuna zai iya hawa ya isa wurin abokin aikinsa da ke rataye a sama kamar ya ji rauni, ya haɗa shi da jikinsa, ya sauko da shi lafiya. Sai ya ci wannan ne ake yarda ya nemi CS39, wato riƙe zarton inji yana rataye a igiya. A duba hikimar jerin: ba a ba ka abin da zai iya raunata mutum a sama sai ka nuna za ka iya sauko da wanda ya raunata. Dalilin a fili yake. Wanda zarto ya yanke wa jijiyar hannu a tsayin mita goma sha biyar ba shi da lokacin jiran motar kashe gobara, kuma ratayar wanda ya suma a cikin ɗamara ita kanta haɗari ce. Shi ya sa ƙa'idar aiki a can ta ce duk inda mutum ya hau, a samu wani a ƙasa da kayan hawansa a shirye, wanda shi ma ya iya ceto.

Doka ce ta ba waɗannan takardu ƙarfi. Ƙa'idojin amfani da kayan aiki na 1998 da na aiki a sama na 2005 sun ɗora wa mai kamfani nauyin tabbatar da ƙwarewar wanda ya miƙa wa zarto, igiya da ɗamarar hawa kuma sai ƙwararre ya bincika su duk wata shida. Kamfanin inshora zai nemi ganin takardun, hukumar gari ma haka kafin ta ba da kwangila. Saboda haka ga matashi a Birtaniya maganar zaɓi ba ta ma taso ba. In babu su, babu aiki.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan takardu suna tabbatar da cewa mutum ya iya yanka, ba su tabbatar da cewa ya san abin da ya kamata a yanka ba. Akwai mataki na musamman kan rage rassa, amma da yawa suna tsayawa a CS39 su sayi mota su buga suna a jikinta, domin doka ba ta hana kowa kiran kansa likitan bishiya ba. Irin wannan ma'aikaci zai iya guntule kan bishiya mai shekara ɗari cikin wuni guda, ya sauko ko ƙwarzane babu, ya share wuri tsaf, mai gida ya yaba masa. Bayan 'yan shekaru sai tohon da ya fito a bakin yankan ya zama manyan rassa masu nauyi, alhali a saman ruɓaɓɓen itace suke zaune, riƙonsu bai shiga ciki ba. Bishiyar da aka guntule don a rage haɗari ta fi da haɗari. Ga kuma wani rauni: takardun ba sa ƙarewa. Ana ba da shawarar sabunta horo bayan 'yan shekaru, manyan masu ba da kwangila ma suna nema, amma takardar kanta tana nan. Alhali sana'ar tana sauyawa. A 2020 an sabunta ƙa'idar hawa a Birtaniya, aka ce mai hawa ya dogara da igiya biyu masu zaman kansu maimakon ɗaya. Wanda ya ci jarrabawarsa shekara ashirin kafin nan, in bai koma ya koya ba, takardarsa ba za ta gaya wa kowa hakan ba.

Shaidar ISA daga wancan gefen ta taso. Tun farkon shekarun 1990 ake bayar da ita, kuma ba a zama jarrabawarta sai mutum ya kawo hujjar shekara uku yana aikin bishiya cikakken lokaci, ko karatu mai alaƙa haɗe da ƙarancin shekarun aiki. Tambayoyi 200 ne na zaɓi, cikin awa uku da rabi. Sun shafi yadda bishiya ke rayuwa, da ƙasa da ruwa, da gane iri da zaɓen wanda ya dace da wuri, da dashe, da rage rassa, da gano cuta, da kare bishiya a wurin gini, da auna haɗari, da tsaron ma'aikaci. Wanda ya ci zai sa hannu a kan ƙa'idar ɗa'a, kuma duk shekara uku sai ya tara maki 30 na ƙarin ilimi ko ya sake zama, in ba haka ba shaidar ta faɗi.

Don a gane amfanin wannan ilimi sai an ambaci Alex Shigo, masanin hukumar gandun dajin Amurka da ya rasu a 2006. Kafin aikinsa, abin da aka saba shi ne a yanke reshe daidai da jikin bishiya ya yi sumul, sannan a shafe wurin da kwalta ko fenti, wai don ya warke. Shigo ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye da zarto yana bin sawun ruɓa, ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da ciwo yadda fatar mutum ke yi. Killace shi take yi: takan gina shinge a cikin itacenta ta kewaye wurin da ya lalace, ta ci gaba da sabon itace a bayansa. Mafi muhimmancin wannan kariya ga reshe tana cikin ɗan kumburin nan da ke wuyansa, inda ya haɗu da uwar. Wanda ya yanke sumul ya cire kariyar ke nan, ya buɗe wa ruɓa ƙofa zuwa zuciyar bishiya, fentin kuma ba ya hana komai. Tazarar da ke tsakanin yanka mai kyau da mummuna ba ta wuce faɗin yatsa biyu ko uku ba, kuma hannu komai ƙwarewarsa ba zai gane ta ba sai an gaya wa kai.

Haka batun saiwa. Mutane da yawa suna ɗauka saiwar babbar bishiya ta nutse can ƙasa kamar yadda kanta ya tashi sama. Gaskiyar ita ce mafi yawanta tana kwance a saman ƙasa, cikin zurfin da bai kai mita ɗaya ba, ta bazu nesa da inuwar ganye. Ma'aunin gini na Birtaniya, BS 5837, ya ce a auna kaurin bishiya a tsayin mita ɗaya da rabi, a ninka shi sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a kewaye daga gindinta kada a haƙa ko a danne da mota. Bishiya mai kaurin rabin mita tana buƙatar mita shida ta kowane gefe. Wanda ya san wannan zai iya ceton bishiya ba tare da ya taɓa zarto ba, da magana ɗaya ga injiniya kafin a fara haƙa.

Raunin ISA shi ne babu wanda ya ga hannunka. Mutum na iya cika shekara ukunsa a wurin renon dashe ko a ofishin kula da ma'aikata, ya haddace littafin jagora, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, bai taɓa jin yadda reshe mai nauyin buhun siminti biyar ke fizgar igiya ba. In irin wannan ya rubuta umarnin aiki, yakan rubuta abin da ba ya yiwuwa, ko abin da zai yiwu amma da ran mai hawa a tafin hannu. Tambayar zaɓi kuma tana ba ka amsa huɗu a gabanka, ɗaya daidai. Bishiya ba ta yin haka. Za ka tarar da naman kaza ya tsiro a gindinta, ganyenta kore shar, mai gida yana son ta, maƙwabci yana tsoronta, kuma babu amsar da aka rubuta maka.

Akwai wurin da hanyoyin biyu suka ci karo har kowa ya ga buƙatar ɗan'uwansa. A 2012 aka tabbatar da shigar cutar da ke kashe bishiyar ash cikin Birtaniya. Bishiyar da ta kamu itacenta yakan yi gautsi, sau da yawa gindinta ma yana ruɓewa da wata cutar da ta biyo baya. Reshen da a da zai ɗauki mutum sai ya karye ba gargaɗi, wadda ake kayarwa kuma tana iya tarwatsewa tun ba ta kai ƙasa ba. Duk dabarar da aka koya a CS31 da CS38 an gina ta ne a kan itace mai lafiya. Abin da ke tsare ran mai hawa a nan shi ne ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya karanta alamun cutar, ya ce wannan ba ta hawuwa, a kawo motar ɗaga mutum ko injin sara. Wato ilimin da ake ganin na masu alƙalami ne, shi ya koma kariyar mai igiya.

Adalci ne a faɗi cewa kowane ɓangare ya san giɓinsa. Birtaniya tana da difloma ta mataki na 4 da na 6, da kwalejoji irin su Myerscough da Merrist Wood, da kwas ɗin binciken bishiya na hukumar horo ta Lantra, da ƙungiyar masu sana'ar da aka kafa a 1964 wadda ke tantance kamfanoni. ISA ma tana da shaida ta daban ga masu hawa, wadda ake gwada mutum a kan bishiya, da wata ta auna haɗari. A nahiyar Turai kuma akwai shaidar da ta haɗa rubutu da hawa a jarrabawa guda. Amma ƙofar shiga ita ce ke tsara mutum. Wanda ya shigo ta igiya yakan daɗe kafin ya koma aji, domin kuɗi na shigowa kuma jiki na da ƙarfi. Yakan tuna da karatu ne sa'ad da gwiwa da kafaɗa suka fara ƙorafi, wajen shekara arba'in, lokacin da iyali sun yi yawa kuma zaman aji ya yi tsada. Ina ganin wannan jinkiri shi ne babbar asarar tsarin Ingila, domin shekarun da mutum ya fi yanka su ne shekarun da ya fi ƙarancin sanin abin da yake yankawa.

Ta fuskar isa ga mutane, ISA ta yi nisa. Ana zama jarrabawarta a kan kwamfuta a cibiyoyi na ƙasashe da dama, shi ya sa ta bazu har Asiya. A Hong Kong, bayan wata bishiya ta faɗo ta kashe wata ɗaliba a unguwar Stanley a 2008, gwamnati ta kafa ofishin kula da bishiyoyi a 2010, shaidar ISA kuma ta shiga cikin takardun da ake karɓa daga masu binciken bishiya. Abin lura a nan shi ne, birnin da ya yi rashi bai fara neman masu sara ba, masu dubawa ya nema. Takardun NPTC kuwa sai ka je inda mai jarrabawa yake, da kayanka na kariya, ka biya kowane mataki daban.

Wannan ya kawo ni gida, domin maganar ta shafe mu ko da ba mu da ko ɗaya daga takardun biyu a matsayin ƙa'ida. Titunan Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi suna da maɗaci da darbejiya da aka dasa tun zamanin kakanni, sun tsufa, sun yi nauyi. Muna da kwalejojin gandun daji a Ibadan da Jos da Afaka, amma ginshiƙin karatunsu daji ne da dashe da katako. Wanda ke rage rassan bishiyar bakin titi yawanci mai gatari ne ko mai zarton haya, yana hawa da ƙafa da hannu, ba igiya ba hular kwano. Ana haƙa kwata a datse saiwar maɗaci ta gefe ɗaya, iskar farkon damina ta zo ta kwantar da shi a kan rumfuna, a ce tsautsayi. Ba cewa nake babu sani a wurinmu ba. Makiyayin da ke saran ganyen gawo ko maɗaci wa dabbobinsa shekara da shekaru bishiyar ba ta mutu ba ya san wani abu, haka manoman yankin Maraɗi da tun shekarun 1980 suka raya gonakinsu ta hanyar zaɓen toho a kututture suna rage saura. Sai dai wannan sani ba a haɗa shi da tsaron rai ba, kuma ba a kai shi bishiyar da ke tsakanin gini da waya ba.

In aka auna takardun biyu da idon ɗan ƙasar Hausa, sai wani abu mai ciwo ya fito. Ƙwarewar hannu tana ƙaura gaba ɗayanta: igiya da ƙulli da zarto yadda suke a Ingila haka suke a Katsina. Ilimin ISA kuwa rabinsa ne ke ƙaura. Abin da Shigo ya gano gaskiya ne a jikin darbejiya, batun saiwa ma haka, amma misalan littafin na bishiyoyin ƙasar sanyi ne, da ƙanƙara, da gishirin da ake zubawa a titi lokacin hunturu. Ba za ka koyi halin kuka ko tsamiya a can ba, ko ɓarnar gara, ko abin da rani na wata bakwai ke yi wa sabon dashe. Ga shi kuma takardar da ta fi dacewa da mu ita ce ta fi wuyar samu, wadda ta fi sauƙin samu ita ce sai an yi mata gyara.

Duk da haka ina da matsaya. Matashin da zai hau, a ko'ina yake, ya fara da horon hannu, kuma a cikinsa ya fara da ceto. Ita kanta ISA ba ta karɓar wanda bai yi aiki ba, don haka jerin ya tsara kansa. Amma kada ya bari shekara ukun ta zama goma sha biyar. Ranar da aka fara tambayarsa ko a sare ko a bari, ranar ce ya shiga aikin da takardar zarto ba ta shirya shi ba. Wanda kuma aikinsa dubawa ne da rubuta rahoto, injiniyan hukumar gari ko mai tsara lambu, shaidar ISA ce ta fi masa amfani, da sharaɗin ya riƙa tsayawa a ƙarƙashin masu hawa yana sauraronsu kafin ya rubuta umarni.

Ga mai bishiya, shugaban makaranta ko mai unguwa ko jami'in hukuma, shawarata ita ce ya raba tambayarsa biyu. Wanda zai faɗi abin da bishiyar ke buƙata daban, wanda zai aiwatar daban, ko aƙalla kada wanda ake biya da yawan abin da ya sare ya zama shi kaɗai ne mai hukunci. Ba zargin kowa nake yi ba. Wanda kuɗinsa ke cikin gungumen ba zai ga dalilin barin bishiya da sauƙi ba, ko da mutumin kirki ne.

Kwalejojinmu kuma ba sai sun jira wata ƙungiya daga waje ba. Matakin hawa da ceto ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato: igiyoyi masu inganci, ɗamara, hular kwano, malami ɗaya da aka tura ya koyo, da maɗaci guda a harabar makaranta. Kwalejin Afaka, da injunan aikin daji ne fanninta, ita ta fi kusa da wannan aiki. In ta haɗa shi da 'yan makonni kan wuyan reshe da faɗin saiwa, da misalai daga bishiyoyin da ke bakin ƙofarta, masu zarton haya na Kaduna su ne ɗaliban da ya kamata a fara kira, kuma a koyar da su da Hausa.